Tabon da Na Yi wa Motarka

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana na fari, a Gidan Rumji.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka lafiya, gajiyar hanya ta sake ku, kuma gidan da buro, wato ofishinku, ya ba ka ba ya yoyo, tunda damina ta kankama. Ina gaida matarka Dija, gaisuwa ta musamman. Allah ya tsare ku a gida da kan hanya, ya haɗa ka da abokan aiki na kirki, ya sa garin ya karɓe ku. Mu nan Cadawa lafiya lau muke.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Ka san ni da kai ba mu saba doguwar magana ba. Kai ne na fari, tun da aka haife ka ban kira sunanka ba, ban zauna na yi hira da kai yadda nake yi da ƙannenka ba. Haka na tarar ana yi, haka na yi. Tun ranar da kuka tafi sau uku ina kiranka a waya da niyyar in faɗi abin da ke raina, in na ji muryarka sai in tambaye ka aiki, in sa maka albarka, in kashe. Shi ya sa na ɗauko kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san karatun manya ne, kuma wannan ba maganar da zan ba wani ya rubuta mani ba ce.

Tabon nan da ke kan murfin injin sabuwar motarka, wurin da fentin ya dusashe kamar faɗin faifai, ni na yi shi. Ba Dija ba ce. Ni na goge wurin da toka da soson ƙarfe, ita kuwa karɓar soson kawai ta yi daga hannuna. Ƙanwarka Zulai da ta raka ku ta gaya mani tun da kuka isa ba ka yi wa yarinyar nan magana sai da dalili, ka hana ta ko taɓa ƙofar motar, kuma ta roƙe ka ta je rugar mahaifinta ta huta kwana biyu, ka ce ta tafi ranar Asabar. Na san irin wannan hutun. Mace mai kunya ba ta cewa ta yi yaji, cewa take za ta je ta gaida gida. Tun da na ji haka abinci ba ya yi mani daɗi.

Zan gaya maka yadda aka yi, amma ka bar ni in faro daga nesa, don ka san ba yau uwarka ta fara ɓata fentin mota ba. Tunda kuma yanzu kai ne mai mota, kuma babanka da ya kamata ya koya maka ba ya duniya, abin da ya koya mani zan miƙa maka.

Kana rarrafe marigayi babanka ya sami motarsa ta farko, wadda yake jigilar mutane da ita tsakanin Agiye da Maraɗi. Ba sabuwa ba ce daga kamfani, amma an yi mata sabon fenti kore, tana ƙyalli har mata na duba ɗaurin kallabinsu a jikinta. Ranar da ba ya fita aiki yakan shigo da ita tsakar gida ya tafi wurin abokansa. Ni kuwa a lokacin ina fama da awaki da kaji, duk abin da na shanya a ƙasa sai sun bi ta kansa. Wata rana na yanka kuɓewa ƙwarya guda, na duba nan na duba can, sai idona ya faɗa kan motar. Ga ta da tudu, akuya ba ta kai, ga ƙarfe ya ɗauki zafi. Na ce yau na sami mashanya. Na baza kuɓewar a kan murfin inji da rufin sama, na koma ɗaki ina jin ni ce mai dabarar garin nan.

Da la'asar babanka ya dawo ya tarar kuɓewa ta manne wa motarsa, yauƙin ya bushe ya kama fenti. Na rugo da wuƙa zan kankare. Ya riƙe mani hannu, yana dariya har da hawaye, ya ce, “Ke, aje wuƙag ga. Kin yi miya da mota, kuma za ki yanka ta?” Ya tura motar inuwa, ya sa na jiƙa tsofaffin zannuwa muka shimfiɗa a kai, muka zauna. Ni duk na ƙosa, shi kuwa yana cin goronsa. Can da ya ɗaga zanen, kuɓewar ta biyo shi salin alin. Sai ɗan shatin da ya rage a inda rana ta fi gasawa.

Don haka duk abin da ya manne wa motarka, kashin tsuntsu ne, ƙaron itace ne, ko ƙwarin da suke mutuwa a gabanta in ka yi tafiyar damina, kada ka kankare shi, kada ka murza. Ka jiƙa ƙyalle mai laushi ka ɗora, ka ba shi lokaci, sannan ka ɗauke shi a hankali. Kashin tsuntsu kuma ba a bari ya kwana biyu, don yana cin fenti, balle a zafin ƙasarmu. Ka ajiye gorar ruwa da ƙyalle a bayan mota saboda shi.

Da na ga bai yi faɗa ba, sai na ƙudura zan biya shi da alheri. Bayan sati guda, da ya bar motar ya tafi ɗaurin aure, na ce bari in wanke masa ita ya dawo ya yi mamaki. Rana tana tsaka. Na kaɗa garin sabulun wanki a bokiti ɗaya, na ɗauki tsohon ɗankwali, na fara daga tayoyi don su suka fi datti, na hau sama da ruwan da ƙyallen. Ɗankwalin ya faɗi ƙasa ya fi sau biyar, in kakkaɓe shi in ci gaba. Kafin in gama gefe ɗaya kumfar ɗayan gefen ta bushe. Mamaki kam ya yi shi. Ya ja ni inda rana ke dukan ƙofar motar ya nuna mani: zane-zane ne sirara, zagaye-zagaye, ko'ina hannuna ya bi. Yashin da ke cikin ƙyallen ne ya yi aikin, ni ina ganin wanki nake yi. Ran nan bai yi dariya ba, na ga abin ya taɓa shi, amma bai yi mani faɗa ba. Washegari da sassafe ya tashe ni ya ce in zo in koya, tunda na nace sai na taɓa motar.

Ga yadda ya koya mani, kuma da haka na yi ta wanke motocinsa shekara da shekaru, har mata na yi mani tsiya wai ni ce ma'aikaciyar tasha. Ana wanke mota da safe ko da yamma, a inuwa, lokacin da in ka ɗora tafin hannu a jikinta ba ka ji zafi. Kafin ƙyalle ya taɓa ta sai an kwarara mata ruwa daga sama har ƙasa, ruwa mai yawa, ya tafi da yashin. Na ga kana da ɗabi'ar nan ta ma'aikata, ka fito da safe ka ɗauki busasshen tsumma ka kakkaɓe ta kafin ka shiga. Ka daina. Ƙasarmu yashi ce, busasshen tsumma a kan yashi kuwa gurza ce. In ba ka da ruwa ko lokaci, ka tafi buro da ita da ƙurarta, ba wanda zai kore ka daga aiki.

Bokiti biyu ake ajiyewa, ɗaya na kumfa, ɗaya na ruwa zalla. Duk shafa ɗaya biyu ka ɗauraye ƙyallen a na ruwan kafin ka mayar da shi cikin kumfa, datti ya zauna can. Ka fara daga rufi ka sauko, tayoyi su ne na ƙarshe, kuma da nasu tsumman daban. Hannu ya tafi a miƙe, ba zagaye ba, kuma ba da ƙarfi ba. Ƙyallen da ya faɗi ƙasa ya gama aiki ran nan sai an wanke shi. Garin sabulun wanki na tufafi ne, yana cinye maiƙon da ke kare fenti ya bar shi a bushe. Ka nemi sabulun mota a Maraɗi, in babu, ruwa kawai ya fi. In ka ɗauraye, kada ka bar ta ta bushe da kanta, ruwan rijiya yana barin ɗigo-ɗigon fari. Ka tsane ta da wani ƙyallen mai laushi. Yanzu da damina, in ka shiga ƙauyuka duba dabbobi ka dawo, ka sa tiyo ka wanke taɓon da ke ƙarƙashinta da bakin tayoyi, daga nan tsatsa ke farawa.

Akwai wata wautar tawa, ƙarama. Ni na matsa wa babanka ya riƙa ajiye mota ƙarƙashin gawon da ke ƙofar gidanmu, wai ina tausayinta da rana. Ban lura balbelu sun mayar da itacen masauki ba. Kwana biyu ya yi yana jinyar zazzaɓi bai fita ba, da muka leƙa, koriyar mota ta koma dabbare-dabbare. Daga nan ya kafa mata rumfar zana. Kai ma ka kafa wa taka rumfa, kada ka dogara da inuwar itace. In za ka rufe ta da tampol, sai tana wanke, don iskar da ke gaban hadari takan yi ta kaɗa tampol ɗin yana goga yashi a jikinta. Bayan ƴan watanni kuma ka riƙa shafa mata man nan mai kama da kakin zuma, a inuwa, ka goge.

Ka ga dai duk na sani. Shi ya sa abin da na yi ranar Juma'ar nan ya fi ba ni kunya, don ba rashin sani ba ne.

Ranar da ka shigo gida da farar motar nan, sabuwa fil, da leda a kujerunta, kowa ya fito yana taɓawa yana addu'a. Ni ina bakin madafa ina tuƙa tuwo, na ce Allah ya sa alheri, ban ko ɗago ba. Na san ka lura. Wallahi zuciyata kamar ta fashe don murna, amma uwar ɗan fari ba ta rawar kai a gaban mutane. Bayan murnar sai tsoro ya biyo. Na yi shekara talatin ina jiran direba ya dawo gida, na san abin da kwalta ke yi. Ga shi za ka bar gidan nan karon farko da iyalinka, hanyar Gidan Rumji kuwa manyan motoci ne ke kai da kawowa. Sai na je wurin malamin unguwarmu na roƙi rubutun tsari. Ya rubuta a allo, ya wanke mani a ƴar kwalba. Ya ce in ba ka ka sha ka shafa. Ni kuwa na san ba zan iya tsayawa gabanka in miƙa maka ba, sai na ce bari in shafa wa motar, ai ita za ta ɗauke ka.

Ranar Juma'a na jira kuka tafi masallaci. Dija ta riga ta wanke motar da safe saboda baƙin da za su zo yi maka sallama, kuma na tsaya na kalle ta, da ruwa da ƙyalle mai laushi ta yi, ba abin da zan gyara mata. Na fito da kwalbata na yi bismilla na tsiyaya a kan murfin inji. Ƙarfen ya sha rana. Kafin in kai hannu in shafa, ruwan ya ƙafe, tawadar ta zauna baƙi ƙirin a kan farin fenti, ga ƙaron da ke cikinta ya kama. Da na jiƙa ƙyalle na ɗora na jira, da ta fita tas, tawada ce kawai. Amma sai na ji an sallame salla, na tuna yanzu za ku shigo da mutane, kowa ya ga abin da na yi a ɓoye. Hankalina ya tashi. Hannuna ya tafi inda ya saba tun ina yarinya, na dumbuzo toka a murhu, na ɗauki soson da nake wanke tukunya, na hau gurza. Tawadar ta fita, ƙyallin ma ya bi ta.

Ina tsaye ina kallon ɓarnar sai na ji mutum a bayana. Dija ce. Ta dubi motar, ta dubi kwalbar, ta gane komai. Ta sa hannu biyu ta karɓi soson, ta ce a hankali, “Inna, shiga ɗaki ki wanke hannunki. Ga su nan tahe.” Ni kuwa na shiga. Wannan shigar ita ce babban kuskurena, ta fi tokar muni.

Daga cikin ɗaki na ji komai. Ka shigo da kawunka Sani da abokanka biyu da maƙwabcinmu Alhaji Mamman, ka tarar da ita da soso a hannu. Ba ka tambaye ta ba. Ka ce ai ba laifinta ba ne, laifinka ne da ka bar ƴar ruga kusa da mota, wadda ba ta san komai ba sai wankin ƙwaryar nono. Wani ya yi ƴar dariya. Ita kuwa na ji ƙarar soson da ta ajiye a bakin rijiya. Ina zaune a bakin gado da toka a farcena, ban fito ba. Na ce in baƙi sun watse zan faɗa. Suka watse, na ce sai gobe. Gobe ta zo kuna ɗaurin kaya, jibi kuka tafi.

Da safen da za ku tafi ta shigo yi mani sallama, ta durƙusa. Na kama hannunta na ce zan gaya maka gaskiya yanzun nan. Ta girgiza kai ta ce, “A'a Inna, ki bari. In ya ji ke ce, kunya za ta hana shi kallon idonki, ga shi zai yi nisa. Ni fushinai zan iya ɗauka, zai wuce.” Na yarda da maganarta don ta yi mani sauƙi. Yarinyar da ba ta kai shekarun Zulai ba ta fi ni ƙarfin hali.

Yanzu ka saurare ni, ɗana. Ba na jin daɗin tsawata maka a kan laifin da ni na haddasa, amma maganar da ka faɗa taka ce, ba ni na sa maka ita a baki ba. Ko da ita ce ta ɓata motar, bai kamata ka ambaci gidansu ba, balle a gaban maza. Kai malamin dabbobi ne, da shanun mutanenta kake cin abinci, a rugarsu ka gan ta ka ce ita kake so, mu muka je Gazawa muka roƙo maka. Sau uku na ɓata wa babanka mota, bai taɓa ambaton gidan ubana ba, shi ya sa har yau in na tuna shi addu'a ce ke fitowa daga bakina. In ka tarar da ɓarna, ka fara tambaya kafin ka yi magana, kuma ka jira baƙi su tafi. Wanda ka gani da soso a hannu ba lalle shi ya yi gurzar ba.

Kada kuma ka gaji halina na ɓoye ƙauna. Da na iya buɗe baki na ce maka ga rubutu ka sha, ina jin tsoron hanya, ina alfahari da kai, da duk wannan bai faru ba. To, na faɗa yanzu, ko da a takarda ne. Ina alfahari da kai tun ranar da ka fara tafiya lakol, makarantar boko, da jakar buhu, kuma ban taɓa ganin fitarka ban bi ka da addu'a ba.

Maganar tabon kuwa mai sauƙi ce. Ka jiƙa wurin da ruwa ka duba. In zanen ya ɓace yana jiƙe, saman fentin ne kawai ya gurzu, masu garaj na Maraɗi suna da man da suke gogewa da inji ya dawo. In bai ɓace ba sai an fesa wa murfin sabon fenti, kuma in an fesa kada ka shafa masa mai sai ya yi ƴan makonni ya kama. Kada ka gwada gyarawa da kanka da abin da wani ya gaya maka a bakin tasha.

Jiya na yafa mayafina na bi gidajen mutum huɗun da suka ji abin da ka faɗa. Na fara da kawunka, na ƙare da Alhaji Mamman. Na gaya wa kowannensu ni na gurje motar da toka, surukata rufa mani asiri ta yi. Ban taɓa jin nauyin ƙafata kamar jiya ba. Kawunka ya ce wannan yarinya ba irin wadda ake bari ta kai ƙofa ba ce. Don haka a Cadawa an wanke ta, saura a cikin gidanka.

In ka gama karantawa, kada ka kira ni tukuna. Ka je inda take, ka zauna, ka karanta mata takardar nan daga farko har ƙarshe, har da wurin kuɓewar, ko ta yi dariya. Ka ba ta haƙuri da bakinka, ka ambaci maganar da ka faɗa, kada ka tsaya kewaye-kewaye. Ka ce mata Inna ma tana roƙon gafararta. In bayan haka har yanzu tana son ganin gida, kai za ka kai ta da motar nan, tana zaune a gaba, ka gaida mahaifinta, ku dawo tare. In kuwa girman kai ya hana ka, ka bari ta hau motar haya ita kaɗai ranar Asabar, to ka sani zan riga ta isa rugar. Zan durƙusa gaban mahaifinta da furfurata in faɗi abin da na yi da abin da ka faɗa, kuma ba zan taso ba sai da ita.

Na ba Malam Idi direba, abokin babanka, takardar nan, ya ce zai miƙa maka hannu da hannu gobe kafin azahar.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya duk inda ka nufa. Allah ya sanyaya zuciyar Dija, ya saka mata da alheri, ya zaunar da ku lafiya. Allah ya ji ƙan babanka. Ni kuma ku yafe mani, ku biyun.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Cadawa.